ALHAJI ADAMU HALILU: ƊAN GARKIDA DA YA ƊAUKI HOTON AREWA

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin Hausa ya san littafin Shaihu Umar, ya kuma san mawallafinsa, marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. To amma in ka tambayi 'yan aji wane ne ya mayar da wannan littafi fim, sai ka ji tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi tsit ɗin ranar da malaminmu na wasan kwaikwayo ya jefo mana wannan tambaya. Da ya ga ba mai ɗaga hannu, sai ya juya ya rubuta suna a allo: Adamu Halilu. Sa'an nan ya shaida mana cewa mutumin ɗan jiharmu ne, haifaffen Garkida.

A ranar kunya ta kama ni ƙwarai. Ni ɗan Mubi ne, nan aka yanke mini cibiya, nan na tashi. Ina iya lissafa 'yan wasan Kano da na Indiya fiye da talatin ban numfasa ba, amma ban taɓa jin sunan wannan bawan Allah ba, alhali kuwa motar da ke kai ni Yola tana bi ta Gombi, inda hanyar garinsu ta rabu da tamu. Wannan kunya ce ta sa na shiga bin sawun tarihinsa, kuma ɗan abin da na tsinto shi ne nake so in ajiye a gaban 'yan uwana ɗalibai a wannan fitowa ta mujallarmu. Zan taɓo garinsa da zamaninsa da ayyukansa, sa'an nan in tsaya a kan abubuwa biyu da nake ganin fim ɗinsa ya bar mana: yadda ya nuna ƙasarmu, da irin mutumin da ya nuna mana a matsayin namiji.

Garin Haihuwarsa

An haifi Adamu Halilu a shekarar 1936 a Garkida, garin da yake cikin ƙaramar hukumar Gombi ta jihar Adamawa a yau. Garin yana bakin kogin Hawul, a kan hanyar da ta tashi daga Gombi ta nufi Biu, dab da iyakarmu da jihar Borno. Yanki ne na al'ummar Bura da maƙwabtansu. Tun a shekarar 1923 'yan mishan daga Amurka suka sauka a garin, suka buɗe makaranta da asibiti, don haka Garkida tana cikin garuruwan da boko ya riga isa a wannan nahiya tamu.

Abin lura a nan shi ne, Garkida ba a tsakiyar ƙasar Hausa take ba. Tsakaninta da Kano ko Katsina tafiya ce mai nisa. Halinta ɗaya da Mubi, inda za ka shiga kasuwa ka ji Fulatanci da Gude da Fali da Margi da Kilba da Higi, amma in ciniki ya kankama kowa sai ya koma Hausa. Hausa a wurinmu ita ce tabarmar da kowa ke zama a kai. Saboda haka ba ƙaramin abin alfahari ba ne a ce fim ɗin Hausa mafi girma da aka yi a zamanin silima ya fito daga hannun mutumin wannan yanki.

Har ila yau, Adamu Halilu ya taso a lokacin da maganar wace ce ƙasarmu ba ta gama zama ba. Mubi kanta tana hannun Jamus kafin yaƙin duniya na ɗaya, daga baya ta koma riƙon amana a hannun Ingila. Sai a watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, iyayenmu suka zaɓi Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Wato lokacin da Adamu Halilu yake ɗan shekara 25, maƙwabtansa na gabas layi suka shiga suka jefa ƙuri'a kafin su zama 'yan Nijeriya. Wanda ya ga irin wannan da idonsa ya san zama ƙasa ɗaya abu ne da ake ginawa.

Zamanin Majigi

Kafin a fahimci aikin Adamu Halilu, sai an san irin kallon da mutanenmu suke yi a wancan zamani. Kallo iri biyu ne. Na farko shi ne na gidajen silima da ke manyan birane, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Can ake biyan kuɗi a ga fina-finan kaboyi na Amurka da na Ingila, daga baya na Indiya suka zo suka mamaye wurin. Na biyu shi ne majigi, wanda gwamnati ke yawo da shi a mota gari-gari kyauta. Turawan mulki sun kafa sashen shirya irin waɗannan fina-finai a 1939, don koya wa talakawa tsafta da noma da biyan haraji, da kuma nuna musu ƙarfin gwamnati.

Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin zuwan majigi Mubi. Yakan ce tun da la'asar sanƙira ke zagayawa yana shela, in magariba ta yi sai a kafa farin ƙyalle a fili, a tada inji, yara su zauna a gaba, dattawa a baya, mata a gefe. Akwai mai bayani da ke riƙe da lasifika yana fassara abin da ke gudana, wani lokaci har da ƙarin gishirinsa. A cikin fina-finan da ya riƙe sunansu har tsufansa akwai Baban Larai, wanda ya shafi noman auduga.

A cikin wannan aiki na majigi Adamu Halilu ya ƙware. Ya tafi ƙasar Ingila ya koyi rubuta labarin fim da tace hoto, ya dawo ya yi aiki a ɓangaren fina-finai na gwamnati, inda ya sa hannu a fina-finan wayar da kai masu yawan gaske. Daga cikin na farko-farko da aka san shi da su akwai Mama Learns a Lesson na shekarar 1963, sai kuma Child Bride na 1971. Ana iya raina irin waɗannan fina-finai a ce ai na gwamnati ne, wa'azi kawai suke yi. Amma a nan ne ya koyi abin da ba a koyarwa a Landan, wato yadda ake yi wa manomi da matar aure magana da hoto su gane, da yadda ake ɗaukar ƙauye ba tare da an mayar da mutanensa abin dariya ba. Masu iya magana sun ce sai an sha wuya akan sha daɗi. Shekarun majigi su ne suka share masa fagen babban aikinsa.

Daga Littafi Zuwa Fim

Asalin labarin Shaihu Umar gasa ce. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Lokacin nan Abubakar Tafawa Ɓalewa matashin malamin makaranta ne a Bauchi, bai wuce shekara 22 ba. Ba wanda ya san zai zama Firayim Ministan Nijeriya, balle a san za a kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Bayan rasuwarsa, Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, sa'an nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975.

Ga wanda ya manta, labarin na wani shehin malami ne da ke zaune a Rauta, kusa da Bauchi. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya warware musu. An haife shi a Kagara, ya tashi maraya. Mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, wanda 'yan uwansa fadawa suka yi wa hassada, suka ƙulla masa sharri bayan an dawo daga harin bayi, sarki ya kore shi daga gari. A cikin wannan rikici aka sace Umar yana ƙaramin yaro. Ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan har ya iso Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama limami. Ita kuwa uwar, da ta fita nemansa, sai aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa. Sun sake haɗuwa a ƙasar da ake kira Libiya a yau, bayan shekaru masu yawa, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika.

Wannan labari Adamu Halilu ya ɗauka ya mayar fim a shekarar 1976, da kuɗin gwamnatin tarayya. Fim ne mai launi, tsawonsa ya haura awa biyu, kuma da Hausa aka yi shi tun daga farko har ƙarshe. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar. A lura da lokacin. Shekara shida ke nan da ƙare yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya shigo, ƙasa tana shirin karɓar baƙin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, wanda aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu na 1977, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. Shaihu Umar shi ne fim ɗin da Nijeriya ta gabatar a wannan biki. A daidai wannan lokaci Ola Balogun ya yi Amadi da harshen Ibo a 1975, ya yi Ajani Ogun da Yarabanci a 1976. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa, Oumarou Ganda ya riga ya ciyo babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu tun 1972. Kowace al'umma tana neman ta ga fuskarta a farin ƙyalle, ta ji harshenta yana fita daga lasifika.

Ƙasa a Idon Kyamara

Na samu ganin wannan fim sau ɗaya, ranar da aka haska mana shi a zauren lacca. Ba zan ɓoye ba, minti ashirin na farko wasu daga cikinmu sun fara hamma, saboda mun saba da fim mai gudu, mai waƙa da rawa duk bayan 'yan mintoci. Shi kuwa wannan tafiyar raƙumi yake yi. Amma da aka ɗan nutsa sai surutu ya ɗauke, domin mun fara ganin abin da ba mu saba gani ba, wato ƙasar kanta. Ga ginin ƙasa da zaure, ga fada da mahaya dawaki, ga daji, ga ayari yana ratsa rairayi, mutum ya koma ɗan mitsitsi a tsakanin sama da ƙasa.

A fahimtata, shimfiɗar ƙasa a wannan fim tana cikin masu ba da labarin. Dajin da ke tsakanin gari da gari shi ne wurin da ake sace yaro. Birni shi ne inda ake ciniki, har da cinikin mutum. Sahara kuwa ita ce ke raba uwa da ɗa, kuma ita ce dai hanyar da ilmi da littattafai da fatauci suka biyo suka zo mana. Wanda ya kalli fim ɗin zai gane cewa Arewa ba ta taɓa zama a rufe ba. Tun kafin Bature ya zo ta teku, Kano tana da hulɗa da Murzuk da Tarabulus da Masar.

Wani abin da ya burge ni shi ne, fim ɗin da aka shirya don a nuna wa baƙin duniya bai ɓoye tabon da ke jikinmu ba. Da an so, da sai a tsaya a kan hawan sallah da algaita da manyan riguna. Amma labarin da aka zaɓa na bauta ne, kuma masu kai harin da masu sayarwar ba daga wata duniya suka zo ba. Mu mutanen gindin duwatsun Mandara mun san wannan magana ba tatsuniya ba ce. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar kundin da aka riƙa rubuta masa abubuwan da ya yi daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawa suka tuɓe shi, kuma a ciki akwai lissafin hare-haren da ya aika ƙauyukan kan dutse da yawan mutanen da aka kamo. Har yau akwai tsofaffi a yankinmu da suka ji wannan labari daga bakin iyayensu. Da nake kallon mahaifiyar Umar, kakannin wasu abokaina nake gani.

Ba mu kaɗai muka nemi kanmu a cikin shimfiɗar ƙasarmu ba. Amurkawa sun yi haka da fina-finan kaboyi. A shekarun 1970 gwamnatin Ostareliya ma ta zuba kuɗi a harkar fim, ta kafa hukuma a 1975, don mutanenta su daina ganin kansu ta madubin Ingila da Amurka. Abin da ya biyo baya shi ne fina-finai irin su Gallipoli na 1981 da The Man from Snowy River na 1982, inda ake nuna faffaɗan daji da dawaki da namiji mai taurin rai wanda ba ya ja da baya. Da wannan hoto suka ce wa duniya ga ɗan Ostareliya. To mu fa, wane irin namiji Adamu Halilu ya tsayar a tsakiyar tamu ƙasar?

Wane Ne Namiji?

Mu Hausawa in muka ce wane namiji ne, ko namijin duniya, yawanci jarumtaka muke nufi, wato wanda ba ya tsoro, ba ya kuka, ba ya gudu. Kirarin mafarauta da na 'yan dambe da na 'yan tauri duk a kan wannan suke. A cikin littattafan gasar 1933 ma akwai irin wannan gwarzo, shi ne Ganɗoki, mai takobi da cika baki. Yaran birni na zamanin Adamu Halilu kuwa sun samu wani sabon gwarzon a silima, kaboyi mai bindiga biyu, har suna kwaikwayon tafiyarsa da sa hularsa.

Shaihu Umar bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Bai ci gari da yaƙi ba, bai rama abin da aka yi masa ba. An sace shi, an yi ta miƙa shi hannu-hannu kamar kaya, ya rasa uwa, ya rasa gida. Abin da ya fita da shi daga wannan wahala shi ne ilmi da haƙuri da natsuwa, kuma da su ya zama mutumin da ake tasowa daga nesa a zauna a gabansa. Maza masu ƙarfi da makami a labarin, wato fadawa da mahara da ɓarayin mutane, su ne sanadin duk wata ɓarna. Namijin da labarin ya ɗaukaka shi ne wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, mai gaskiya da amana da kunya da karamci.

Daɗin daɗawa, in jarumtaka ake nema a wannan labari, a wurin mace take. Umar ɗaukarsa aka yi aka ƙetare Sahara da shi. Mahaifiyarsa kuwa da ƙafarta ta fita, ita kaɗai, ba dangi ba guzuri, ta bi sawun ɗanta gari-gari har ta rasa 'yancinta, daga ƙarshe ta rasa ranta. Da muka fito daga zauren kallo, wata 'yar ajinmu ta ce ita a ganinta sunan uwar ya kamata a sa wa littafin. Muka yi ta musu har bakin ɗakin kwanan ɗalibai, kuma har yau ban samu hujjar da zan kayar da ita ba.

Kada mai karatu ya ɗauka Adamu Halilu bai san ɗaya fuskar ta mazantaka ba. Bayan Shaihu Umar, a shekarar 1978, ya yi Kanta of Kebbi tare da tallafin gwamnatin jihar Sakkwato, wadda ƙasar Kabi ke cikinta a lokacin. Muhammadu Kanta shi ne gwarzon ƙarni na 16 da ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, ya yi tawaye, ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame wanda kufansa da ganuwarsa ta dutse suke nan har yau. Ka ga ke nan a cikin shekara biyu ya ajiye mana maza biyu, malami da mayaƙi, mai allo da mai takobi. Abin baƙin ciki, fim ɗin Kanta bai samu yawo a gidajen silima ba, mafi yawanmu sunansa kawai muka sani.

Wannan magana ta wane ne namiji ba ta aji kaɗai ba ce a wurin ɗan Mubi. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka shigo garinmu, suka riƙe shi na 'yan makonni, har suka sauya masa suna. Ina yaro lokacin, da ƙafa muka fita. Da yawa daga cikin masu ɗauke da bindigogin nan samari ne da aka cusa wa cewa mazantaka ita ce a ji tsoronka. Su ma suna da'awar ilmin addini, su ma suna satar mata da yara. Duk lokacin da na tuna wannan, sai in ga Shaihu Umar ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Labarin da aka rubuta a 1933, aka ɗauka a 1976, ya riga ya bambance mana malamin gaske da mahari.

Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Adamu Halilu ya ci gaba da aiki bayan waɗannan fina-finai biyu, ya fitar da Moment of Truth a 1981. A shekarar 1979 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda hedkwatarta take Jos, shi kuma ya riƙe muƙamin Janar Manaja a shekarunta na farko. Sai dai zamani bai ba irin fim ɗinsa dama ba. Fim na silima yana cin kuɗi, kayan ɗaukarsa daga waje ake sayowa, kuma galibi sai an kai shi Turai a wanke. Gidajen silima sun fi son na Indiya da na Sin, masu araha da saurin kawo riba. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai harkar ta durƙushe gaba ɗaya.

Abin da ya maye gurbinta shi ne kaset na bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan kasuwar fina-finan Hausa ta buɗe, har ta zama abin da muke kira Kannywood. Wannan ci gaba ne babba, ya ba dubban matasa sana'a. Amma da kyamara ta shiga falo da lambun shaƙatawa, ta daɗe ba ta fito ta kalli daji da dutse da rairayi ba. Alhaji Adamu Halilu ya rasu a shekarar 2001, yana da kimanin shekara 65, daidai lokacin da kasuwar bidiyo ke tashe. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Shi kuwa fim ɗin Shaihu Umar, sai ya ɓace daga idon jama'a, har aka ɗauka ya salwanta. Masu nazari suna ambatonsa a rubuce-rubucensu, amma samun wanda ya gan shi sai an tona. Sai a shekarar 2016 aka gano gwangwanayen da ke ɗauke da shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai, a wani yunƙuri da Didi Cheeka, mai shirya fim kuma mai sharhi daga Legas, ya yi tsaye a kai. Cibiyar Arsenal da ke birnin Berlin na ƙasar Jamus ta gyara shi, ta mayar da shi na'urar zamani, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wato shekara 42 bayan yin sa, kuma shekara 17 bayan rasuwar mai shi. Su mutanen Ostareliya da na ambata ɗazu, tun 1984 suka ware ma'ajiya ta musamman a babban birninsu don adana fina-finansu da muryoyinsu. Mu kuwa saura ƙiris zafi da tsatsa su cinye namu.

Kammalawa

Da muka dawo Mubi bayan gudun 2014, abin da ya fi sa mahaifiyata kuka ba kayan ɗaki ba ne. Wata 'yar jaka ce da hotunan iyayenta ke ciki, wadda ba mu sake gani ba. Ƙannena da aka haifa daga baya ba su san kamannin kakanmu ba, sai dai a kwatanta musu. Tun daga nan na san abin da ake nufi da a ce al'umma ta rasa hotonta. Adamu Halilu ya ɗauki hoton Arewa a lokacin da masu yin hakan ba su da yawa, mu kuma muka bar shi a ɗaki muka rufe shekara 40.

Don haka ina da roƙo ga 'yan uwana ɗaliban Hausa. Duk wanda zai karanta Shaihu Umar don jarrabawa, ya nemi fim ɗin ya kalla, ya gwada su. Masu neman batun kundin kammala digiri, ga fili nan a buɗe: rayuwar wannan mutum, da fina-finansa na majigi, da labarin Kanta of Kebbi. Garkida ba ta da nisa da mu, kuma akwai sauran dattawan da suka yi zamani da shi a Kaduna da Jos, sai dai kullum raguwa suke yi. Ina kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta sa nuna wannan fim a cikin shirin makon Hausa na kowace shekara, a gayyaci ɗaliban sakandare na cikin gari su zo su gani. Waɗanda kuma Allah ya ba sha'awar ɗaukar fim a cikinmu, yau da wayar hannu ma ana yi. Ga duwatsun Mandara a bayan gidajenmu, ga kogin Yedzaram, ga Sukur da duniya ta sa cikin wuraren tarihinta tun 1999, ga kasuwar shanu ta Mubi. Ɗan Garkida ya yi nasa, Allah ya saka masa da alheri, ya sa aljanna ce makomarsa, amin.